Gyaran Muryar Mai Agogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya sawwaƙe muku sanyin nan da kake ta kuka da shi, Ya ƙara buɗi a wurin aiki. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi tun da ta yi alkawarin daina hawa kujera tana goge fanka, ko da yake ina zargin da zarar na tafi makaranta take hayewa, don kullum fankar falo ƙal take. Maigidana ya koma bakin aiki. Goggo ta zo ta yi mana 'yan kwanaki, ta kushe labulena, ta kushe tarbiyyar 'ya'yana, ranar tafiya kuma ta rungume ni tana kuka wai na rame.

Jikin Baba da sauƙi. Ana ci gaba da zuwa asibiti gashin ƙashi saboda shanyewar ɓarin jikin. Hannun hagu ya yi ƙarfi sosai, na dama ne har yanzu yake kwance a cinya. Yana miƙewa idan ya kama ƙarfen taga. Maganar ce dai ta ƙi, kalma ɗaya sai ya haɗa gumi kafin ta fito, wani lokacin ma ta tsaya a hanya. Amma likita ya sake tabbatar mana ciwon bai taɓa hankalinsa ba, duk abin da ake faɗa yana ganewa. Ka riƙe wannan maganar ta likita, don za mu dawo kanta.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne idan na kira ka ba na kai ƙarshen maganata. Kai mutum ne mai hujja, kafin in buɗe baki ka jero min bayani, in kashe waya ina jin haushin kaina. Ga shi gidan ba sirri, duk inda na tsaya Umma na ji. Don haka na zauna a ofishin malamai lokacin hutun tara, na tura littattafan yara gefe, na ce yau sai ka karanta ni har ƙarshe.

Maganar muryar Baba ce. Tun muna ƙanana yake fitowa a wasan kwaikwayon gidan rediyo a matsayin Mai Agogo, tsohon nan mai gyaran agogo da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, har sunan ya bi shi masallaci da kasuwa. Da ciwon ya same shi, marubucin wasan ya tura Mai Agogo wata tafiya, aka yi ta jan labarin ba shi. Sai kai ka nemi tsofaffin shirye-shiryen, ka zuba su a manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, ta koyi muryarsa, ka aika wa furodusan shirin. Na san da zuciya ɗaya ka yi. Kana nesa, ba ka iya ɗaga shi, ba ka iya kai shi asibiti, sai ka ba da abin da hannunka ya iya. Ban manta da wannan ba ko a lokacin da nake jin haushinka.

Ranar da Mai Agogo ya dawo daga tafiya, Umma na kicin. Tana jin sallamarsa a rediyo ta saki ludayi ta fito da gudu, ta tsaya tsakiyar falo tana kallon rediyon tana kallon Baba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Muryarsa ce, Yaya, har da ɗan kaushin nan da jan ƙarshen magana. Shi kuwa Baba ya zuba wa rediyon ido, ya ɗaga hannun hagu ya taɓa maƙogwaronsa, ya daɗe a haka. Mu muka fassara shi da murna, don murnar muke so. Ba wanda ya tambaye shi.

Akwai zauren masoya shirin a waya, ina ciki tun kafin ciwon, kuma ba su san ni 'yarsa ce ba. Kullum bayan la'asar nakan zauna gefen gadonsa in karanta masa abin da suke cewa, shi ne abin da ya fi sa shi dariya. Ka san irin hirar. Wani ya rantse Mai Kemis ne zai auri 'yar Mai Agogo, wata ta ce ko a mafarki, wani ya shigo da cigiyar maganin kyankyasai, wata ta turo hoton takalman da take sayarwa shugaban zaure ya goge, ta sake turowa. Akwai wani da duk safiya sai ya gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, ba mai amsa masa, bai taɓa fasawa ba. Da gidan rediyon ya fito ya faɗi gaskiya cewa inji ne ke maganar Mai Agogo yanzu, sai zauren ya kama da wuta.

Wani direban tanka da ke sauraren shirin a kan doguwar hanya ya ce shi ba ruwansa da wanda ke magana, muryar ce ke hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari, kuma in tsohon ya yarda ina ruwan wani. Wata malama mai ritaya ta tambaye shi wa ya ce masa tsohon ya yarda. Ba wanda ya ba ta amsa, don a daidai lokacin wani ya turo sakamakon ƙwallo aka koma can. Da aka dawo, wani ya ce ai marubucin ma ba daga sama yake samo labari ba, kowa daga wani ya koya, to me ya sa in inji ya koya za a ce sata. Malamar ta ce wanda ya koya daga gare ka yakan gaishe ka a hanya. Akwai kuma wata yarinya da ta saba zana 'yan wasan da biro tana turowa, zane mai kyau, ita ce ta fara yi wa Mai Agogo tabarau mai ƙafa ɗaya har kowa ya ɗauka haka yake. Ta ce yau murya ce, gobe hannu. Wani don tsokana ya sa inji ya zana Mai Agogo cikin ƙiftawar ido, da launi da komai, har da tabaran nata, mutane suka yi ta yabawa. Tun ranar ba ta sake turo komai ba. Duk wannan na karanta wa Baba, ina tsallake masu zafin, yana saurare ido rufe.

Ni a lokacin ban ɗauki ɓangare ba. Idan na karanta direban in ce ya yi gaskiya, idan na karanta malamar in ce ita ma haka. Abin da ya tsayar da ni wuri ɗaya shi ne gyaran murya.

Kai ka daɗe rabonka da shirin, ko ka ce kana bi ban yarda ba, don haka bari in tuna maka. Duk lokacin da Mai Agogo zai shara ƙarya, sai ya ɗan yi gyaran murya tukuna. Zai ce wa mai agogo gobe-gobe aikinka zai fito, ko ya ce wa matarsa a masallaci ya tsaya, amma kafin nan sai ka ji ɗan ƙaramin tarin nan. Masu saurare sun san shi sarai, jira suke su ji shi su fashe da dariya. Abin da ba su sani ba shi ne ba a taɓa rubuta shi a takardar wasan ba. Baba ne ke sa shi inda ya ga dama. Ya taɓa gaya min cewa marubuci ke ba da magana, amma shi ke sanin inda tsohon ke faɗin gaskiya da inda yake zuƙi. Sau da yawa marubucin kan koma gida ya sake labarin mako mai zuwa, saboda Baba ya yi tari a inda shi bai nufa ba, kuma ya ga hakan ya fi. Aikin Baba ke nan duk shekarun nan, mu muna ɗauka murya kawai yake sayarwa.

To a labarin akwai ɗan Mai Agogo da ya kwashe kayan aikin shago ya gudu shekarun baya. Makonnin da suka wuce aka dawo da shi, ya durƙusa yana neman gafara. Marubucin ya rubuta wa uban cewa ya yafe masa duniya da lahira. Injinka ya lura a tsofaffin shirye-shirye cewa duk lokacin da Mai Agogo zai yi magana mai nauyi da rantsuwa yakan yi gyaran murya, don a nan ne ya fi yin ƙarya. Sai ya yi abin da ya koya. Kafin kalmar yafiya, ya yi tarin nan, tsaf, yadda Baba ke yi. Matashin da ke haɗa sauti sabo ne, bai ga komai a ciki ba, aka sa a iska.

Zaure ya hargitse. Aka ce ashe bai yafe ba, ashe tsohon nan mugu ne, dama an daɗe ana zarginsa. Wasu suka ce marubucin gwani ne da ya yi wannan dabara. Wani da bai cika magana ba ya rubuta cewa haka iyaye maza suke, baki ya yafe zuciya na riƙe, kuma shi ya sa shi ma bai koma gida ba har yau. Ina cikin karantawa da ƙarfi, na kai tsakiyar wannan kafin in ankara. Baba bai ji shirin ba ran nan, muna asibiti, don haka ya nuna min in kunna masa. Na kunna a waya. Da aka zo wurin, ya miƙa hannun hagu ya share duk abin da ke kan teburin gefen gado, rediyo da kofi da kwalbar magani, suka zube ƙasa. Tun da ya kwanta ban ga ya yi fushi ba sai ran nan. Kuma kai ka fi kowa sanin nauyin wannan kalma a bakinsa, don ita ya faɗa maka ranar da za ka tafi bayan duk abin da ya faru tsakaninku a kan tafiyar. Ina tsaye a wurin da jakarka a hannuna, bai yi gyaran murya ba.

Furodusa ya zo gida ba da haƙuri. Ba na son ka ɗauke shi mugu, mutumin kirki ne, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa gaban Baba yana kiransa maigida. Ya zo tare da matar nan da ke fitowa a matsayin matar Mai Agogo. Ita ta ja ni gefe ta ce yanzu ita kaɗai take shiga ɗakin ɗaukar murya, ta yi maganarta ta bar gurbi, daga baya a cusa ta inji. Ta ce da can ba ta san abin da Baba zai jefo mata ba, dariyar da ake ji tata ta gaske ce, yanzu kuwa sai an ɗaga mata hannu ta bayan gilashi take dariya. Amma ta ce kada in manta shirin nan shi ke riƙe da gidaje da yawa, nata ma yana ciki, kuma ba Mai Agogo ba shiri. Ta faɗi duka biyun tana share hawaye, ban san wanne zan ɗauka ba.

Shawarar furodusa ita ce a mayar wa Baba aikinsa. A kai shi gidan rediyon, a kunna masa abin da injin ya karanta ba tari ko ɗaya, duk inda ya ga gyaran murya ya dace sai ya ƙwanƙwasa tebur, a sa a wurin. Wallahi na ji daɗin shawarar. Na ce ga hanya ta samu, kai ka ba da murya, Baba ya ba da hukunci, kowa ya huta. Na yi wa Baba bayani, ya dube ni, can ya nuna hularsa ta fita.

Muka kai shi ni da maigidana da Umma. Ɗakin yana nan yadda ka san shi, soso a bango, jar fitila a saman ƙofa, kujerarsa mai hannu ɗaya naɗe da salatif. Ma'aikata suka yi ta leƙowa suna gaishe shi. Aka tura keken marasa lafiyar da yake kai gaban tebur, aka sa masa abin ji a kunne, mu muka koma bayan gilashi wurin mai haɗa sauti. Maganar farko gaisuwa ce, Mai Agogo na yi wa maƙwabci ina kwana. Kafin ta fito, Baba ya ƙwanƙwasa. Mai haɗa sauti ya yi dariya ya sa alama. Ta biyu, yana tambayar matarsa ina mabuɗin shago, ya ƙwanƙwasa. Ta uku ma haka. Ko salati injin zai yi, sai Baba ya buga tebur tukuna. Dariya ta ɗauke a ɗakin. Aka kai ƙarshen shafi bai bar magana ɗaya ba. Furodusa ya dafa kafaɗar mai haɗa sauti ya ce a tsaya haka, ya juyo ya dube ni da idon tausayi, irin kallon da na tsana tun ranar da aka kwantar da Baba.

A baranda ya ce min, cikin ladabi, da alama ciwon ya taɓa fahimtar maigida, bai gane abin da ake so ba. Ya ce tunda haka ne ba za su ƙara wahalar da shi ba, za su cire gyaran muryar gaba ɗaya daga wasan su ci gaba da injin, abin da suke buƙata kawai amincewar babban ɗa a madadinsa. Ya ce ya riga ya taɓa maka maganar ka ce ba matsala, za su turo maka takarda ka sa hannu. Shi ya sa nake sauri takardar nan ta riga tasu.

Yaya, ni ina kallon hannun nan ta gilashi. Ba rawa yake ba. Yana ɗage a sama yana jira, sai daidai numfashin da ke gaban kowace magana yake sauka, ba ya riga ba ya latti. Wanda bai gane ba ba ya iya wannan. An tambaye shi ina ne ƙarya a cikin abin da injin ya faɗa da bakinsa, ya ba da amsa, amsar ce ba ta yi mana daɗi ba. Duk da haka zan gaya maka gaskiya, a barandar nan na yi kokwanto. Na ce ko ni ce nake ɗora masa abin da ke raina, yadda muka ɗora masa murna ranar farko.

Ni ba gaba nake da injinka ba, kada ka ce ƙanwarka ta zama 'yar ƙauye. Likita ya ce akwai irinsa da ke taimakon masu ciwon Baba su faɗi abin da suke so da muryarsu, in ka samo wannan ni zan fara koyon sarrafa shi. Amma wannan na gidan rediyo abin da wasu suke so yake faɗa da muryar Baba, shi yana zaune yana ji. Ban san amsar gardamar da ake yi a zaure ba, ko sata ce ko koyo ne, waɗanda suka fi ni ilimi ma ba su gama ba. Ina tausayin matar nan da sauran 'yan wasan, ina tausayin direban da ke kan hanya, kuma in shirin ya mutu na san har da hannuna. Abin yana hana ni sukuni, ko a aji sai in tsinci kaina na tsaya da alli a hannu.

A hanyar komawa gida ina zaune kusa da shi a bayan mota, sai ya kama wuyan hannuna ya matse, bakinsa na motsi. Ka san yadda muke yi masa, da ya fara sai mu ƙarasa masa don mu rage masa wahala. Umma ta ce ruwa yake so, ya girgiza kai. Maigidana ya ce ko zafi ne a buɗe gilashi, ya girgiza kai. Umma ta ce to gajiya ce, mun kusa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sai na roƙe su kowa ya yi shiru, na ce wa maigidana ya faka. Muka tsaya gefen titi kusa da wani mai faci, motoci na wucewa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Gumi ya jiƙa masa hula. Sannan ta fito, a karkace, da wata murya da ba mai saurare da zai gane ta, amma kowace kalma daram.

"Ban mutu ba."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Maigidana ya kifa kai a kan sitiyari. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don gaba ɗayanmu, da ni da kai da gidan rediyo, mun zauna muna rabon kayan mutum yana raye yana kallonmu.

Abin da nake roƙonka ke nan. Kada ka sa hannu a madadinsa. Ka kira ta bidiyo ranar da ba ka da aiki, ba a tsaye ba, ba kana tuƙi ba. Zan riƙe masa wayar. Ka tambaye shi da bakinka ko ya yarda a ci gaba, sannan ka yi shiru. Zai daɗe, za ka ji kamar layin ya yanke, za ka so ka taimaka masa da kalma, kada ka yi. In ya ce a ci gaba, wallahi ba za ka sake jin bakina ba, ni zan kai wa furodusa saƙon. In ya ce a'a, to sai mu nemi yadda za mu dubi idon mutanen nan mu gaya musu, ni da kai tare.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi wa Umma amfani. Ka shafa min kan Babba da 'Yar Baba da ƙaramin da har yanzu ban ɗauka a hannuna ba. Umma na gaishe ku, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Maigidana da yara suna gaisuwa, Goggo ma ta bar sallahu, Kawu ya ce ka yi masa laifi da ba ka kira shi ba.

Da safen nan kafin in fito na gaya wa Baba zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ɗaga kai alamar e. Ya yi ta ƙoƙari har lokacin makaranta ya kusa wuce ni, bai fito ba. Ina jin na san abin da yake so ya ce, amma ba zan rubuta maka shi ba. Ka kira ka karɓa da kanka.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai bakin tsiya, kamar yadda kake cewa